Kafin ka kai kuɗin dankalinka shagon kyamara

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani tsohon ɗalibina ya same ni a ƙofar gida nan Dogon Dutsi. Shekara biyu ya yi yana noman rani, dankalin turawa da ɗan kabeji, yana tara abin da ya samu a hannun mahaifiyarsa don kada ya taɓa. Bayan mun gaisa ya zaro waya, ya nuna mini hoton wata kyamara da wani ya tallata a Facebook, ya ce: "Mushe, wannan nake so. An ce megafiksel 24 gare ta. Gobe zan aika da kuɗin." Na tambaye shi hoton me zai riƙa ɗauka da ita. Ya yi shiru. Na tambaye shi in batirinta ya mutu ina zai sami wani. Ya sake yin shiru. Na ce masa to, kuɗin nan su ƙara kwana a hannun Inna, mu yi magana tukuna.

Abin da na faɗa masa ran nan shi nake so in rubuta a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. Samari da ƴan mata da yawa a ƙasar Arewa, daga Matankari har Tibiri, suna sha'awar sana'ar hoto, kuma shawarar da suke samu a intanet an rubuta ta ne don mutanen da wuta ba ta ɗauke musu, ƙura ba ta shiga musu ɗaki, shagon gyara kuma yana bayan gidansu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: mai koyo a nan ya sayi ƙaramar kyamara mai madubi, wadda ake kira DSLR, ta hannu, wadda ya gwada da idonsa, kada ya kashe mata fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗinsa, kuma ma'aunin zaɓensa ya zama ƙura da batir da wanda zai iya ara masa kaya. Megafiksel da girman suna su zo daga baya.

Wayarka ba ta isa ba?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma masu cewa waya ta wadatar suna da hujja. In abin da kake so shi ne hoton abokai da rana tsaka don sakawa a WhatsApp, ka riƙe kuɗinka, ka sayi akuya. Wayar da ke aljihunka za ta yi maka wannan aikin, ba nauyi, ba jaka.

Amma akwai wurare huɗu da waya ke gazawa. Na farko nesa: ka tsaya bayan taro a filin kokowa, ko ranar sukuwar dawaki, ka janyo hoton da yatsa biyu, sai ka ga fuskar ɗan kokowa ta zama kamar an shafe ta da kunu. Na biyu duhu: zaure, ɗakin amarya, ko tsakar gida bayan magariba. Na uku gudu: daidai lokacin da ɗan kokowa ya ɗaga abokin karawarsa, kafin waya ta shirya an riga an yi kaye. Na huɗu bugu a takarda babba, irin wanda ake ratayawa a bango. Akwai kuma abin da ba ya cikin takardar kowane kamfani: mutanenmu ba su cika biyan wanda ya zo wurin biki da waya ba, amma suna gyara zama da hula in suka ga mai kyamara. In aikinka ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, to maganar kyamara ta taso.

Dalilin bambancin yana cikin wani ɗan faranti da ke kama haske, wanda ake kira sansa. Na ƙananan kyamarorin Nikon ya kai wajen milimita 23.5 a tsawo da 15.6 a faɗi, na Canon kuma 22.3 da 14.9. Wannan ya ninka na yawancin wayoyin da ke hannunmu fiye da sau goma. Kamar tarar ruwan sama ne: wanda ya kafa babban baho ya fi wanda ya kafa kofi samu, ko da ruwan iri ɗaya ne ya sauka.

Me ya sa mai madubi, kuma me ya sa ta hannu?

A cikin DSLR akwai madubi. Haske yana shigowa ta gilashin da ake ɗaurawa a gaba, wanda masu sana'ar a Nijar ke ce wa objektif, ya bugi madubin, ya hau zuwa ƴar tagar da kake leƙawa. Da ka danna, madubin ya ɗaga, ƙyauren da ke bayansa ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido, hasken ya sauka a kan sansa. Abin lura gare mu shi ne, leƙen da kake yi ta tagar nan ba ya cin batir, domin haske ne kawai da madubi. Kyamarori marasa madubi, waɗanda ake yayi yanzu, tagarsu ƙaramin allo ne da ke shan wuta muddin kyamarar tana kunne.

A 2003 ne Canon ya fitar da EOS 300D, DSLR ta farko da farashinta ya sauko ƙasa da dalar Amurka 1,000, daga nan aka yi shekara goma sha biyar ana tururuwar sayen irinsu a duniya. A 2018 Canon da Nikon duka suka fito da sabon tsarin marasa madubi, suka mai da hankalinsu can. A 2022 Nikon ya daina ƙera ƙananan samfuransa D3500 da D5600. Abin da ya biyo baya shi ne masu hali a Turai da Amurka da Asiya suna ta sayar da tsofaffin nasu don su koma sabon yayi, kayan kuma suna gangarowa kasuwanninmu.

Wani zai ce: Mushe, ai kana tura yaro ya shiga motar da ta kusa zuwa ƙarshen hanya. Amsata ita ce ya dubi tsofaffin motocin da ke jigilar ƴan kasuwa tsakanin Dutsi da Kore Mairuwa. An daɗe da daina ƙera irinsu, amma suna kan hanya saboda kayan gyaransu sun cika gari kuma kowane makaniki ya san cikinsu. Bakin da ake ɗaura gilashi na Nikon ya samo asali tun 1959, na Canon tun 1987, kuma kowane kamfani daga cikinsu ya ƙera gilasai fiye da miliyan 100. Ba za su ƙare a zamaninmu ba. In Allah ya hore maka ka koma marar madubi nan gaba, akwai ɗan zoben haɗi da zai ba ka damar ci gaba da amfani da gilasanka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ruɗin megafiksel

Mai talla ya fi son ya ambaci megafiksel domin lamba ce mai sauƙin kwatantawa, kowa ya san 24 ta fi 18. To bari mu yi lissafi irin na aji. Hoto mai kyau a takarda yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da aka saba wankewa, mai santimita 10 da 15, yana buƙatar ɗigo 1,200 sau 1,800, wato megafiksel 2 da ɗan kai. Cikakkiyar takardar A4 tana buƙatar ƙasa da megafiksel 9. Ke nan tsohuwar Canon 1100D ta 2011, mai megafiksel 12, ta isa ta cika maka A4 har da saura. Wanda ya ƙara kuɗi don ya tashi daga 18 zuwa 24 ya sayi abin da idon mai biki ba zai taɓa gani ba.

Seydou Keïta na Bamako, wanda yau ake rataya hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, da ƴar akwatin Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi a 1935. Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar yabo ta birnin Venis a 2007, shi ma da Brownie ya fara. Mafi arahar DSLR da za ka samu yau ta fi abin da suka fara da shi nesa ba kusa ba. Abin da suka fi mu shi ne sanin haske da sanin yadda ake sa mutum ya saki jiki.

Ƙura, zafi da wuta

Waɗannan su ne alƙalan gaskiya a ƙasar nan. Zan fara da ƙura domin ita ta koya mini hankali. Kyamarata ta farko na saye ta a wani shago a birni, ina ɗoki, ban gwada komai ba sai dai na ga tana kunnuwa. Wata biyu bayan haka, cikin hunturu, na je kallon kokowa a wani ƙauye da ke gefen Dallol Mawri. Ana tsakiyar wasa na cire gilashi ɗaya na ɗaura wani, a tsaye, iska na kaɗawa, ƙafafu na tayar da rairayi. Da na dawo gida na buɗe hotunan a kwamfuta, sai ga ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin samaniya, a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Na ɗauki auduga na ce zan goge da kaina, na ƙara ɓata lamarin. Sai da kyamarar ta yi tafiya mai nisa ta yi makonni kafin ta dawo, kuɗin mota da na gyara suka kusa kai kuɗin wani gilashin.

Darasin shi ne, wasu kyamarori suna da na'urar da ke girgiza gaban sansa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe su, don ƙura ta faɗi, wasu kuma an cire musu ita don a rage farashi. Nikon D3100 da D3200 da D3300 suna da ita. D3400 da D3500, waɗanda suka fi su sabunta, ba su da ita. A ɓangaren Canon, 600D da 700D suna da ita; 1100D da 1200D da 1300D da 2000D da 4000D ba su da ita. Mai shawara a Faransa zai ce wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ke zaune inda hazo ke rufe dutsen garinmu daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan guguwar farkon damina ta biyo baya, babban abu ne. Duk da haka na'urar ba ta maye gurbin kiyayewa: kada ka canja gilashi a fili, ka shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi sauri. Ka mallaki ƴar robar hura iska. Kada ka hura da baki, kada ka sa auduga.

Sai zafi. Takardun waɗannan kyamarori sun ce an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. Kowa ya san abin da Afrilu da Mayu suke yi mana, sau da yawa ana haura 40 a inuwa. Ba wai za ta narke ba ne, amma baƙar kyamara da aka bari a rana, ko cikin akwatin babur, ko cikin mota a rufe, tana rage wa kanta da batirinta kwana. Farin ƙyalle da za ka yafa mata ya fi wata jaka mai tsada amfani.

Na uku wuta. Bisa ma'aunin da kamfanonin suka yarda da shi, caji ɗaya yana ba Nikon D3500 hoto 1,550, D3400 hoto 1,200, D3300 hoto 700, Canon 2000D hoto 500, 600D kuma 440. Ga wanda zai kwana biyu a ƙauyen da babu layin wuta, a Ɗan Kasari ko bayan Geceme, wannan lissafi ne na gaske. Kuma ka sani babu ɗaya daga cikinsu da ake caja ta da igiyar waya kai tsaye. Sai an ciro batirin an sa a caja. Akwai ƙananan caja masu aiki da USB da za ka iya haɗawa da faifan sola ko ma'ajiyar wuta ta waya. Ka nemi ɗaya, da batir na biyu, tun ranar da ka sayi kyamarar.

To wacce ke nan?

Da ni ne zan zaɓa wa mai koyo, zan fara neman Nikon D3300 ta 2014, ko Canon 600D ta 2011, ko ƙanwarta 700D ta 2013. Dukkansu suna kakkaɓe ƙurar kansu, kuma suna da ramin sa makirfo, abin da D3400 da D3500 da 1300D da 2000D da 4000D ba su da shi. In kana tunanin ɗaukar bidiyon biki ko hira da dattawa, ramin makirfo ya fi ƙarin megafiksel muhimmanci, domin mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba sa haƙuri da muryar da iska ta cinye. Canon ɗin biyu suna da allo mai juyawa, wanda ke taimakawa in kana ɗauka daga saman kawunan jama'a. In batir ne babbar damuwarka kuma ba ka da niyyar canja gilashi sau da yawa, D3400 ko D3500 sun fi dacewa da kai. Sai dai duk wanda aikinsa ɗaukar dogon wa'azi ko taro ne daga farko har ƙarshe, ya sani waɗannan kyamarori ba sa kai wa sama da minti 30 a ɗauka ɗaya, wasu ma ƙasa da haka.

Kada sunaye su ruɗe ka. Kayan Canon da suka biyo ta Amurka suna zuwa da suna Rebel: T3i ita ce 600D, T5i ita ce 700D, T6 ita ce 1300D, T7 ita ce 2000D. Kyamara ɗaya ce, lakabi ne ya bambanta.

Tsakanin Canon da Nikon kuwa, gardamar da ake yi a intanet ba ta shafe ka ba. Ka zagaya wurin masu hoton garinku, na Dutsi ko Tibiri ko Dumega, ka ga abin da ke wuyansu. Abin da suke riƙe da shi shi za ka saya. Ranar da batirinka ya mutu ana tsakiyar ɗaurin aure, maƙwabcin da zai ara maka nasa ya fi maka duk wani sharhi da ka karanta. Kuma wurinsu za ka koyi aikin.

Gilashi shi ne ido

Yawancin waɗannan kyamarori suna zuwa da gilashi mai lamba 18-55. Raina shi ake yi, amma ya isa ka koyi aiki shekara guda, kuma da shi za ka ɗauki hoton taro da na katin jarrabawar ɗalibai. Rauninsa duhu. In ka janyo shi zuwa 55, ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/5.6. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Shi ya sa sayayyarka ta biyu, bayan ka fara samun ɗan abin sana'a, ya kamata ta zama Canon 50mm f/1.8 ko Nikon 35mm f/1.8, waɗanda suna cikin mafi araha a gilasan kamfanonin biyu. Da su ne za ka shiga zaure ka fito da fuskar tsoho tas, bayansa ya yi laushi. Mai son kokowa da dawaki kuma ya nemi 55-250 na Canon ko 55-200 na Nikon.

Mai sayen Nikon ya kiyaye abu biyu. Ƙananan samfuran nan ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka gilashin da ba a rubuta masa AF-S ko AF-P ba sai dai ka riƙa murɗa shi da hannu. Sannan gilasan AF-P ba sa aiki da D3100 da D3200. Ka ɗaura ka gwada a gaban mai kaya.

Ranar ciniki

A nan ne ake asarar kuɗin dankali. Aika kuɗi ga wanda ba ka sani ba saboda hoton da ka gani a Facebook cinikin biri a sama ne. Ko Yamai za ka, ko Sakkwato, ko Kano, ka tafi da ƙafarka, ko ka wakilta mai hoton da ka yarda da shi, ka biya masa kuɗin mota. Ka tafi da katin ajiyarka, kuma ka nemi inda za ka buɗe hotunan a kwamfuta kafin ka biya.

Ka fara da tambayar adadin hotunan da kyamarar ta ɗauka tun da aka ƙera ta. Ƙyauren ƙananan kyamarorin nan an auna shi ne a kan ɗauka wajen 100,000. Wadda ta yi 15,000 yarinya ce. Wadda ta yi 90,000 ta sha bukukuwa, ko da jikinta yana ƙyalli. A Nikon lambar tana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da ke karanto ta. A Canon sai an haɗa da kwamfuta. Bayan haka ka tsuke ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka duba: ɗigo kaɗan ƙura ce, ana share ta, dogon layi karce ne, ka ajiye musu kayansu. Ka cire gilashin, ka haska fitilar waya ta cikinsa. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, kuma an fi samunta a kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu laima irin su Legas da Kwatano. Ka ɗauki hoton abu na kusa da na nesa ka ga ko saitin gani yana kamawa. Ka gwada filashi, da marfin batir, da ramin kati, da kowane maɓalli. In kana da niyyar ɗora babbar filashi ta wani kamfani, ka leƙa mazauninta a saman kyamarar, domin an fitar da 4000D da wasu 2000D ba tare da ɗigon ƙarfen tsakiya ba, kuma filashi masu araha da yawa da shi suke aiki. A ƙarshe ka karɓi takardar shaidar ciniki mai ɗauke da lambar jikin kyamarar. Kayan sata suna yawo, kuma araha ba ta ado in ta kai ka gaban hukuma.

Mai kayan da ya hana ka waɗannan gwaje-gwaje ya riga ya ba ka amsa.

Yadda za ka raba kuɗin

A ce jaka 240 ka tara, wato sefa 240,000. Kyamara da gilashinta kada su wuce jaka 160. In abin da kake so ya fi haka, ka sauko zuwa samfurin da ya girme shi, kada ka taɓa sauran. Jaka 80 ɗin nan su ne na batir na biyu, da cajar USB, da katin ajiya biyu matsakaita maimakon babba guda ɗaya, da jaka mai zik, da robar hura iska, da farin gilashin kariya da ake murɗawa a gaba, da kuɗin mota, da kuɗin wanke hotunanka na farko da za ka nuna wa jama'a. Ka yi hattara da katin jabu: yana nuna girman da ba shi da shi, sai ka cika shi da hotunan amarya ka tarar rabinsu ba sa buɗuwa. Ka cika shi ka gwada a gida kafin ka kai shi wurin aikin mutane. Na ga samari sun zuba duk abin da suka mallaka a kan kyamara mai tsada, sannan ta kwanta cikin akwati saboda babu kuɗin batir. Doki ba linzami ba sirdi, sai kallo.

Abin da ya sa na damu

Da maganar sana'a ce kawai da ban tsawaita haka ba. A watan Afrilun 1899 Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu, nan cikin ƙasarmu. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma yau in yaronmu ya nemi Sarauniya a intanet, fuskar da zai fi cin karo da ita ta ƴar wasan Burkina ce, Aï Keïta. Ba laifinsu ba ne, sun yi abin da ya kamata a gode musu. Tambayar ita ce mu me muke ajiyewa. A cikin aji nakan tambayi yara wa ke da hoton kakansa, hannuwan da ke tashi ba su da yawa. Tsofaffin da ke ɗauke da zanen Arawa a kumatu suna ta tafiya, kuma ba a yi wa jikokinsu. Maƙera, masaƙa, rumbunan ƙasa, makaɗan kokowa, matan da ke daka a tsakar gida, kasuwannin mako: duk abin da muke gani kullum har muka daina ganinsa, shi ne abin da za a nema nan da shekara hamsin a rasa. Yamai ta yi sa'ar samun Philippe Koudjina, wanda ya bi dararenta da kyamara a shekarun 1960 da 1970, shi ya sa yau ake iya ganin yadda samarin wancan zamani suka yi ado. Arewa ma tana buƙatar nata.

Wannan aiki ba ya son kyamarar miliyan. Yana son kyamarar da za ta rayu shekara biyar a hannun mutumin da ya san gaisuwa. Ka nemi izini kafin ka ɗaga ta, musamman a wurin mata da wuraren al'ada. Wanda ya ce a'a, ka sauke. Ka nisanci sojoji da shingayen bincike, halin tsaron da ake ciki ba ya son ganganci. Ka koma wa wanda ka ɗauka da hotonsa a takarda. Ka rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto, ka ajiye asalin a wuri biyu, domin WhatsApp yana matse hoto, waya kuma tana ɓata.

Ɗalibin nawa bai aika da kuɗin ba. Ya yi sati uku yana riƙe wa wani mai hoto jaka a wuraren biki, sannan suka tafi birni tare, ya dawo da tsohuwar kyamara mai ɗan goguwa a gefe, da batir biyu, da canji a aljihu. Hoton farko da ya kawo mini na kakarsa ne, zaune a bakin rumbu tana tsince wake, hasken safiya ya sauka a kan zanen fuskarta. Ya ɗan karkace, kuma ya yanke mata ƙafa ɗaya. Na ce masa ya wanke shi babba, ya rubuta sunanta a baya.

Allah ya sa wa nema albarka, ya kuma tsare mu da cinikin da-na-sani.